Kibiyar Jikin Leda

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan la'asar

Littafin awo ne wannan, amma na gama awon, shafuka kuma sun yi saura. Ba mai buɗe shi sai ni da ƙanena Yakubu, shi kuwa yana kwance a Gwiwa.

Jiya da hantsi Yakubu ya faɗo daga kan sikafol, matakin ƙarfe da katako da muke hawa, a ginin Alhaji Daudu da ke Roni, daga hawa na biyu. Ƙarfen da ke riƙe da katakon tsayawa ne ya zame, katakon ya tafi da shi. Ƙafar dama ta karye wuri biyu. Iyayen matarsa Nafisat suka ce a kai shi wurin maɗorin garinsu, aka ɗauke shi a motar Alhaji.

Duk wanda ya zo jaje sai ya ce ƙaddara ce. Ni ma haka nake amsawa.

Ni na haɗa sikafol ɗin da safe. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan sallar asuba

Dole in koma Roni yau. Falle sittin da huɗu na alminiyam za a lulluɓe gaban benen da su, goma sha shida kawai muka kafa. Firam ɗin ƙarfe yana can tsaye tsirara kamar haƙarƙarin saniya a mahauta. Alhaji kuma ya riga ya sa ranar buɗe kantin, Lahadi 11 ga Mayu, da addu'a da baƙi.

'Ya'yansa kamfanin Kano suka so a ba wa aikin. A gabana ya ce musu, "Ɗan Malam Abu ne zai yi. Ubansa abokina ne, kuma kaf ƙasar Kazaure ba mai fitar da layi irin na Hussaini." Gaskiya ya faɗa, ba yabon kai ba. Shekara goma sha tara ina wannan aiki. Je ka Babura, je ka Achilafiya, ka duba inda na sa hannu, in ka ga falle ɗaya ya karkace ka zo ka tofa mini yawu.

Matata Mas'uda ta ce in huta ko kwana biyu ne. In huta in yi me? In zauna a gida tana bin fuskata da kallo?

Alhamis, bayan magariba

Na bar babur a gida na hau acaɓa. Na ce wa Mas'uda birki ne ya lalace. Birkin lafiyarsa ƙalau. Mutane ne ke ɓullowa ta hagu ban san daga ina ba, sai dai in ji ihu a kunnena. Shekaranjiya waccan saura kaɗan in take wata mai tallan nono a kwanar kasuwa, wallahi ban gan ta ba sai da ƙwaryar ta faɗi.

Na ɗauki Muhammad Auwal ya maye gurbin Yakubu. Mai walda ne a Roni, magidanci, shi ya haɗa mana firam ɗin. Yana da ƙarfi, yana da ladabi, amma bai taɓa kafa falle ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, da yamma

Hannuna ya san aikin nan ko an ɗaure mini fuska. A manna siririyar roba a jikin ƙarfe tukuna, don alminiyam da baƙin ƙarfe ba sa zaman lafiya, in suka haɗu ruwa ya shiga tsakani sai su ci juna. A ɗora falle. A sa guntun roba tsakaninsa da maƙwabcinsa don ratar ta zama ɗaya. In bi ratar da babban yatsa daga sama har ƙasa. In huda, in sa ribit, ƙusar da ke riƙe falle, kowane taƙi ɗaya. Duk wannan na hannu ne.

Abu ɗaya ne ba na hannu ba. Fentin fallayen nan hoda ce ake fesawa a gasa da wuta, ruwan toka mai ƙyalli. Kowane falle yana zuwa a lulluɓe da farar leda, a jikin ledar akwai rubutun kamfani da 'yar kibiya. Dole kibiyoyin duka su kalli wuri ɗaya. In ɗaya ta kalli sama ɗaya ta kalli ƙasa, ranar da aka ɓare ledar rana ta haska, wani falle zai yi duhu wani ya yi haske, kamar an yi faci. Yakubu ne ke duba kibiya, ya miƙo mini falle yadda ya kamata. Kusan shekara ke nan ban duba da kaina ba.

Yau na ce wa Auwal, "Ka riƙa bin kibiya, ta kalli sama." Ya juya fallen ya sake juyawa. Alhaji yana tsaye a bayanmu da sandarsa. Auwal ya ce, "Oga, wace kibiyar? Ɗan nuna mini."

Ya ɗago fallen cikin rana ya kawo gabana. Fari kawai. Fari fat, har hawaye ya zubo mini. Na ji Alhaji ya matso. Sai na dangwala yatsa a wani wuri mai ɗan duhu na ce, "Ga ta nan, kai makaho ne?"

Auwal ya kalli wurin, sannan ya ce, "Na gani, Oga. Yi haƙuri."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Haka uban nan nasa yake, faɗa kamar me, amma aiki sai shi."

Ban san abin da na nuna masa ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da azahar

Rana ce ta hana ni ganin kibiyar jiya. Rana ta yi yawa bana, kowa ma haka yake cewa.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan la'asar

Falle ashirin da biyar muka kafa zuwa yau.

Yakubu ya kira. Ya ce ɗaurin yana matse shi, ba ya iya barci. Amma abin da ya dame shi aiki ne. Ya ce, "Yaya, kuna dai bin kibiya ko? Ta wannan kamfanin ƙarama ce, shuɗi-shuɗi, tana ɓuya cikin rubutu."

Na ce, "Ni za ka koya wa aiki? Wa ya fara riƙa maka injin huda?"

Ya yi dariya ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya." Ya tambaye ni yaushe zan zo. Na ce in aiki ya yi sauƙi. Daga Roni zuwa Gwiwa ba wata tafiya ba ce, ya sani, na sani.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan magariba

Talatin da uku. Auwal ya fara sauri. Kafin ya miƙo kowane falle sai ya duba ledar da kyau, ya juya, sannan ya ce, "Ga shi, Oga." Me yake dubawa? Sau uku ina buɗe baki in tambaye shi, sai in rufe. In na tambaya zai ce ai abin da na nuna masa yake bi. In na ce ya nuna mini, mun koma ranar Asabar.

A gida Mas'uda ta ajiye mini kofin kunu ta hagu. Shekara goma sha shida muna tare, ba ta taɓa ajiye mini abu ta hagu ba. Na miƙa hannu zan ɗauki cokali, na kifar da shi a kan tabarma. Ta kawo tsumma. Tana gogewa ta ce, "Baban Bahijja, in tambaye ka wani abu?"

Na ce, "Kada ki tambaye ni."

Ta ce, "To."

Da gangan ta yi. Na ji haushinta, na ji kunya, na ji kamar in fashe da kuka a gabanta. Na tashi na tafi masallaci tun ba a kira isha'i ba.

Alhamis, 1 ga Mayu, da hantsi

Ba wuta, janareta ya ƙi tashi, ina zaune a inuwar bene ina jiran mai gyara.

Shekara goma sha ɗaya Baba, mahaifinmu, ya yi a zaure bayan idanunsa sun tafi. Mutumin da ke auna ƙofa da kallo ɗaya. Abokan aikinsa suka yi ta zuwa gaisuwa wata biyu, daga nan sai ranar Sallah. In zai shiga bayi sai an kama masa hannu. Ina tuna yadda yake juya fuska inda ba kowa yana amsa sallama. A sana'armu in aka ce idon mutum ya taɓu, an gama. Wa zai bar ka ka hau masa gini? Wa zai tsaya a ƙarƙashinka? Shekarata arba'in da huɗu, Bahijja ko firamare ba ta gama ba.

Kai, ni ba haka ba ne. Idon dama yana gani sarai in ba rana.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan masallaci

Na riga kowa zuwa yau, gaban benen yana cikin inuwa. Na je layin ƙasa, wurin waɗanda muka kafa da Auwal, na kafa hancina a jikin leda kamar mai shinshina. Na daɗe ina bin rubutun da idon dama. Na sami kibiyar, 'yar mitsitsiya, tana kallon sama. Na ce alhamdu lillahi. Na matsa falle na gaba. Na nema, na nema, na same ta. Ƙasa take kallo.

Ina nan a durƙushe na ji motar Alhaji. Na miƙe na yi kamar ina duba ribit.

Kafin a cire falle ɗaya sai an huda ribit goma sha biyu, gefen kuma ya kan lanƙwashe, ba ya komawa. In na ce a cire, za a ce me ya sa. In na ce Auwal ne ya yi kuskure, Alhaji yana wurin lokacin da na nuna masa. Ko ta ina na juya, maganar wuri ɗaya take komawa.

Wataƙila ban gani daidai ba. Yau ne karon farko da na yi fatan idon nan ƙarya yake mini.

Asabar, 3 ga Mayu

Arba'in da huɗu. Ban faɗa wa kowa maganar kibiyar ba.

Litinin, 5 ga Mayu, da yamma

Mas'uda ta je Gwiwa da lemo da ayaba. Ta dawo ta zauna ba ta cire hijabi ba. Ta ce maɗori ya kwance ɗaurin ya sake ɗaurewa, Yakubu ya ciji zane har ya yage. Ta ce Nafisat ta ja ta gefe ta ce ƙafar kamar ta fi 'yar'uwarta gajarta.

Ta ce ɗakin cike da 'yan dubiya, wani ya tambaya yadda abin ya faru. Yakubu ya ce, "Ƙarfen ne ya ci amana. Yayana da kansa ya duba notin, na tambaye shi ya ce a ɗaure yake. In Yaya ya ce a ɗaure yake, to a ɗaure yake."

Ta faɗi wannan tana kallona. Na ce mata abinci ya huce.

Talata, 6 ga Mayu, da azahar

Hamsin da biyar. Yanzu muna sama, daidai inda abin ya faru. Kafin in taka kowane katako sai na shafa notin da hannu, ɗaya bayan ɗaya, in sa sifana in ƙara ɗaurewa. Auwal ya ce, "Oga, ai ka duba wannan ɗazu." Na ce ya yi abin da ke gabansa.

Da hannu ake dubawa. Minti ɗaya ne. Minti ɗaya kacal.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan magariba

Sittin da huɗu. An gama. Na bi ratar da yatsa, layi ya fita kamar an ja zare.

Alhaji ya ce a bar ledar sai ranar buɗewa da safe, don kada ƙura ta ɓata. Na so in ce a bar ta har abada. Amma leda in ta daɗe a rana tana kama fenti, ta ƙi fita. Na ce, "Ranka ya daɗe, Asabar za mu ɓare." Ya ce to bayan la'asar, zai zo da yaran su gani da idonsu, su san bai yi zaɓen banza ba.

Bayan la'asar ne rana ke dukan gaban benen sosai.

Juma'a, 9 ga Mayu

Ban iya cin abinci ba. Mas'uda ba ta tambaya ba.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan magariba

Zan rubuta yadda ya faru, ko da layin ya hau kan layi.

Alhaji ya zo da 'ya'yansa maza biyu, da limamin unguwa, ga masu shaguna na kusa, ga 'yan acaɓa sun tsaya kallo. Ni da Auwal muka ɓare daga sama zuwa ƙasa, leda tana ƙara tana zubowa. Ban kalli fallayen ba sai da muka gama. Na sauko, na tsallaka titi inda mutane suke, na kare fuska da hula, na ɗaga kai.

Launi ɗaya na gani. Wallahi tallahi launi ɗaya, ruwan toka, sumul daga sama har ƙasa. Ashe ranar Juma'ar nan ban gani daidai ba, ashe Allah ya rufa mini asiri! Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce, "Masha Allahu! Ranka ya daɗe, ka gani ko? Launi ɗaya kamar falle guda. A je Kano a nemo mai yin irin wannan!"

Ba wanda ya amsa.

Na zaci mamaki ne. Na sake cewa, "Ko ba haka ba, Liman?" Liman ya yi gyaran murya. Wani daga cikin 'yan acaɓa ya fara dariya, aka ce masa kai. Sai babban ɗan Alhaji ya ce, "Malam Hussaini, wasa kake yi? Wannan ai allon dara ne. Rabi baƙi rabi fari." Alhaji ya ce masa, "Yi shiru."

Ya matso kusa da ni, ta hagu, sai da ya yi magana na san yana wurin. A hankali ya ce, "Hussaini, ɗan nan, me kake gani a jikin bangon can?"

Na ce, "Launi ɗaya, Baba."

Sannan ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ba don bangon ya faɗa ba, na ji a muryarsa. Ya ce wa direbansa ya kai ni gida Kazaure.

Lahadi, 11 ga Mayu

An buɗe kantin. An ce sun rufe gaban benen da tamfol. Ban fita ba.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan la'asar

Auwal ya zo har gida, ya durƙusa a ƙofar zaure, mutum da gemunsa. Ya ce, "Oga, ka yafe mini. Ranar nan na ga abin da ka nuna ba kibiya ba ce, tambarin kamfani ne. Amma a gaban Alhaji ka faɗa, ka girme ni, kai ne mai aikin. Ta yaya zan ce maka ba ita ba ce? Na ce ƙila haka kuke kiransa a sana'arku." Tambarin kuwa a kowace leda yana nan ta sama yana nan ta ƙasa. Shi ya yi ta bi, falle arba'in da takwas.

Na ce ya tashi, ba shi da laifi. Na ce ni ne na kira shi makaho. Ya ce, "Haba Oga, an wuce wurin." Da zai tafi ya ce duk Roni an ji, har Babura an kira shi ana tambaya. Na ce ai dama.

Alhamis, 15 ga Mayu, da yamma

Mas'uda ce take rubuta wannan, ni ina faɗa. An ɗiga mini magani a asibiti jiya, har yanzu takarda ba ta tsaya mini. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu saura kaɗan, na dama za a iya riƙe abin da ya rage da magani. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, ya tambaya me ya hana ni zuwa tun bara. Mas'uda ce ta amsa masa, ta ce taurin kai. Ta ce in bar ta ta rubuta haka, na ce ta rubuta.

Yau muka je Gwiwa. Yakubu yana kwance a kan katifa a ƙasa, ya rame, ƙafar a ɗaure da karare. Ya riga ya ji labarin bangon. Ya fara cewa, "Yaya, kada ka damu, in na tashi mu biyu za mu sauke su, sati ɗaya ne." Na ce wa Nafisat da Mas'uda su zauna, kada su fita.

Na ce, "Yakubu, ranar Talatar nan ka tambaye ni ko notin hagu a ɗaure yake. Na waiga ban ga komai ba, duhu ne a wurin. Da na miƙa hannu na taɓa, da na sani. Amma kana kallona, na ji tsoron ka ga ina lalube. Sai na ce maka a ɗaure yake, hau."

Nafisat ta sa mayafi ta rufe baki. Yakubu bai motsa ba. Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun bara da damina."

Ya ce, "Tun bara." Sannan ya ce, "Yaya, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ni ma na kama hannun Baba zuwa bayi. Da ka faɗa mini, ai da ni zan riƙa duba notin, ba wanda zai ji. Har mu tsufa ba wanda zai ji."

Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Maɗori ya ce ba zan sake hawa sama ba." Ya juya fuskarsa bango. Na zauna ina jira ko zai ƙara wata magana, har aka kira la'asar bai juyo ba. Nafisat ta ce, "Yaya, ku tafi tukuna." Muka taso.

Mas'uda ta ce ko ta rubuta cewa zai huce. Na ce a'a, abin da ya faru kawai za ta rubuta.